Kasafin Jihohin Arewa: Kason Abuja Ya Ƙaru, Ina Aikin Mazaɓa?

Duk ƙarshen shekara gwamnoni kan je gaban majalisun dokokin jihohinsu su gabatar da kasafin kuɗi, kowanne da sunan da aka raɗa masa: wannan na farfaɗowa, wancan na cika alkawari. Adadin da ake karantawa kullum hawa yake yi. Jihohin da 'yan shekarun baya kasafinsu bai wuce naira biliyan 200 ba, yau sun ninka shi sau biyu ko uku, wasu ma sun taɓo tiriliyan. Amma mutumin mazaɓa, wanda ma'auninsa shi ne rufin ajin firamare da maganin asibitin sha-ka-tafi da famfon unguwa, bai ga wannan hawan a ƙofar gidansa ba. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne sata, kuma akwai ta. Sai dai sata ba ta isa ta bayyana komai ba, domin ita kanta tana da abin da ke ba ta wurin zama. Matsalar tana cikin hanyar da kuɗin ke zuwa. Gwamnatin da ke samun mafi yawan kuɗinta daga Abuja, ba daga hannun mutanen da take mulka ba, ba ta jin tana da bashin kowa a wuyanta, su ma mutanen ba sa jin kuɗinsu ne ake kashewa. Gyaran kasafin jihohinmu ba zai yiwu ba sai an sake ɗaura wannan igiya da ta tsinke tsakanin abin da ake karɓa da abin da ake gani a ƙasa.

Sai a fara da inda kuɗin ke fitowa. Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, wato FAAC, yakan zauna ya raba abin da ya shiga asusun tarayya. Bayan an cire kashi 13 cikin 100 na kuɗin ma'adinai an ba jihohin da ake haƙo su, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. A tsakanin jihohin kuma, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, kashi 10 bisa bukatun ilimi da lafiya da ruwa, sannan kashi 10 kacal bisa ƙoƙarin da jiha ta yi wajen tara nata kuɗin. Ma'anar wannan lissafi a fili take: gwamnan da ya yi barci da wanda ya tashi tsaye, ratar da ke tsakaninsu a teburin rabo ba ta taka kara ta karya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo, abin da ake rabawa ya kumbura, daga sama da naira tiriliyan 10 a shekarar 2023 zuwa sama da tiriliyan 15 a 2024. Wannan ƙari daga aljihun talaka ya fito, ta hanyar tsadar mai da sufuri da abinci, amma da yake ya bi ta Abuja kafin ya dawo, sai ya iso jiha tamkar kyauta.

Idan aka juya ga abin da jihohin ke tarawa da kansu, sai hoton ya ƙara fitowa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a 2023 jihohi 36 da Abuja sun tara kimanin naira tiriliyan 2.4 na kuɗin shiga na cikin gida, kuma Legas ita kaɗai ta tara sama da biliyan 800, wato kusan kashi ɗaya cikin uku. Kaduna ta tara kimanin biliyan 62. Kano, mai Kantin Kwari da Dawanau da Singa da Sabon Gari, ba ta kai biliyan 40 ba. Yobe da Kebbi da Taraba kuwa kowacce ta tsaya wajen biliyan 11, abin da ba zai riƙe albashin ma'aikatanta na shekara ba. Wani abin lura shi ne, ko wannan ɗan abin da ake tarawa, babban kasonsa harajin da ake yanka ne daga albashin ma'aikata kafin ya shiga hannunsu. Jiha ta karɓi kuɗi daga Abuja, ta biya malamin makaranta, ta yanki wani abu daga albashinsa, sannan ta kira shi kuɗin shiga na cikin gida. An ga ƙarshen irin wannan zama a 2015, lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi na watanni, har sai da gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba su bashin ceto, daga baya kuma ta sakar musu kuɗin rarar bashin Paris Club.

Ba haka Arewa ta taso ba. Tun farkon mulkin Turawa aka kafa baitulmali a masarautu, kuma wani kaso mai tsoka na haraji da jangali yana zama a hannun En'e. Da shi ake biyan alƙalai da 'yan doka da malaman elementare. Da irin wannan kuɗi En'e ta Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta kawo ruwan famfo daga Challawa da wutar lantarki cikin birni, ta kuma gina asibitin da yau ake kira Asibitin Murtala. Daga baya rarar da hukumar cinikin amfanin gona ta tara daga gyaɗa da auduga ta shiga cikin abin da gwamnatin Sardauna ta yi ayyukanta da shi. Amma wanda zai yi kewar wancan zamani ya tuna da ɗaya fuskar. Haraji na kai ne, ana ɗora shi a kan kowane baligi ko daminarsa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wanda ya kasa biya akan shanya shi a rana ko a yi masa bulala, wasu su bar garinsu, makiyayi kuma ya tsere da shanunsa daji idan lokacin ƙirga ya zo. A kan wannan zalunci NEPU ta Malam Aminu Kano ta gina gwagwarmayarta, kuma da PRP ta hau mulki a 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Sokewar daidai ce. Kuskuren da aka yi bayanta shi ne, da kuɗin mai ya wadata, ba a damu a kafa wani tsari na adalci a gurbin wanda aka rushe ba. An kawar da bulala, amma tare da ita aka kawar da dalilin da ke sa talaka ya tambayi mai mulki ina kuɗinsa.

Wannan tarihi ya sa taƙaddamar da aka yi kan harajin VAT ta cancanci a sake dubanta da idon basira. An fara karɓar VAT a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020. A tsohon tsari tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Da kwamitin Taiwo Oyedele ya kawo ƙudurorin gyaran haraji a 2024, ya nemi a raba kashi 60 na kason jihohi bisa inda kuɗin ya fito. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a watan Oktoba na shekarar suka yi fatali da shi, malamai suka yi huɗubobi, aka yi ta ce-ce-ku-ce har watanni. Daga ƙarshe aka sasanta, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin guda huɗu a ranar 26 ga Yunin 2025, aka tsayar da Janairun 2026 don fara aiki da su. Kason tarayya ya sauka zuwa kashi 10, na jihohi ya hau zuwa 55, a tsakaninsu kuma rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Damuwar Arewa tana da tushe. Bankuna da kamfanonin waya da na siminti hedikwatarsu na Legas, can suke biyan harajin katin da aka saya a Gusau ko buhun da aka yi gini da shi a Azare. Abin da Arewa ta fi samarwa kuma, wato hatsi da dabbobi da kayan gwari, ba a ɗora masa VAT, saboda haka ba ya bayyana a lissafin. Masu gorin cewa Hisba na fasa kwalaben giya amma jihohinta na cin harajin giya, sun manta da wannan ɓangaren.

Duk da haka, nasarar da aka samu a wannan faɗa ƙarama ce, kuma tana iya zama abin ruɗi. An kare kaso ne daga tukunyar da har yanzu a Abuja take. Da rabin ƙarfin da aka sa wajen yaƙar ƙudurin an sa shi wajen bin diddigin yadda jihohi suka kashe ƙarin da suka samu tun 2023, da an fi cin riba. Sannan akwai wani sashe na sabuwar dokar da bai sha surutu ba alhali ya fi taɓa baitulmalin jihohinmu kai tsaye: an yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara, saboda haka ƙaramin ma'aikaci ya kusa fita daga cikin masu biya gaba ɗaya. Wannan sassauci ne da ya dace ga masinja da malamin firamare. Amma ga jihar da yawancin masu albashinta ƙananan ma'aikatan gwamnati ne, ma'anarsa ita ce madogararta mafi sauƙi ta rage ƙarfi. Ko ana so ko ba a so, tilas a nemi wata hanya.

A nan ne hujja mafi ƙarfi ta masu adawa take shigowa: yaya za a yi maganar haraji ga mutanen da ke fama da abin da za su ci? Ƙididdigar talauci ta 2022 ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Wannan gaskiya ne, amma hujjar ta ginu a kan zaton cewa talaka ba ya biya yanzu, alhali shi ne ya fi kowa biya. A dubi motar da ta ɗauko shanu daga Potiskum ko albasa daga Aliero za ta Kudu. Kafin ta bar kasuwa an yanki kuɗin lodi, an yanki na ƙungiya, an yanki na ƙaramar hukuma. A hanya kuma sai shinge bayan shinge: katako mai ƙusoshi a tsakiyar titi, samari riƙe da gora, kowanne da tasa takardar mai launi daban, wannan ta kiwon lafiyar dabbobi, wancan ta amfanin gona, na gaba ta muhalli. Direba ya miƙa, a ja katako, ya wuce. Mai tebur a kasuwa haka yake karɓar tikiti biyu ko uku a yini, ɗan adaidaita sahu ma haka. Yawan waɗannan shingaye na cikin koke-koken da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta gabatar lokacin da ta dakatar da kai kaya Kudu a farkon 2021. Mafi yawan wannan kuɗi a tsabarsa ake karɓa, kuma kaɗan ne ke isa asusun gwamnati. Saboda haka gyaran farko ragi ne ga talaka, ba ƙari ba: a haɗe tikitocin su zama ɗaya, a bayyana adadin a bango, a biya ta banki ko ta waya, a kuma ɗauke shingayen.

Inda dukiyar da ba a taɓa ba take, kowa ya sani. Tana cikin filaye da gine-gine: rukunin shaguna masu hawa uku da huɗu da ke tsirowa a manyan titunan Kano da Kaduna da Katsina, gidajen haya, gidajen mai, wuraren biki, da fulotai da aka killace aka bar su suna ƙara daraja saboda titin da gwamnati ta shimfiɗa da kuɗin jama'a. Tana kuma hannun manyan 'yan kasuwa da ke juya ɗaruruwan miliyoyi amma abin da suke biya bai kai na wani darakta a ma'aikata ba. Gini ba ya gudu, ba ya ɓuya, kuma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta riga ta sa ƙasa a hannun gwamna. Kaduna ta gwada wannan hanya. A 2016 ta tattara harajinta cikin doka guda, ta kafa hukumar tara kuɗin shiga guda, ta hana karɓar tsabar kuɗi, ta kuma mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta. Abin da take tarawa ya tashi daga ƙasa da biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 60 a 2023. Amma darasin Kaduna kaifi biyu ne da shi. Rusau da ƙarin kuɗin makarantu sun bar ɗaci a zukatan mutane da yawa, kuma a 2024 Gwamna Uba Sani ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Bashin dala da aka ci lokacin da take ƙasa da naira 500, an koma biyansa bayan ta haura 1,500 a 2024, kuma daga kason wata-wata ake cire shi tun kafin ya iso. Iya tarawa kaɗai ba ya wadatarwa idan ba a samu yardar masu biya ba, ko aka jinginar da kuɗin gobe.

Akwai kuma masu kawo hujjar addini, cewa Musulmi zakka ce a kansa, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Wannan magana ba abar wasa ba ce a ƙasar da jihohi irin su Kano da Sakkwato ke da hukumomin zakka da waƙafi. Sai dai zakka tana da mutane takwas da Alƙur'ani ya ƙayyade za a ba, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a gina titi ko gada da ita ba. Abin da aka soki sarakunan da shi kuwa shi ne karɓar dukiyar mutane da ƙarfi ba bisa ƙa'ida ba, a kashe ta wajen holewar fada. Malaman da suka halatta wa shugaba ya ɗora wani abu bayan zakka sun gindaya sharuɗɗa: bukatar ta zama ta gaske, baitulmali ya gaza, a ɗora gwargwadon ƙarfin kowa, a kuma kashe a kan maslahar jama'a. Waɗannan sharuɗɗa ba su rushe maganar haraji ba, gwamnati suka ɗaure. Gwamnan da ke sayen jerin gwanon motoci da kujerun Hajji na 'yan siyasa bai cika sharaɗin gazawar baitulmali ba, saboda haka shi ne ya kamata ya fara gyarawa kafin ya miƙa hannu.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren kashewa, inda kalma guda ke ruɗar jama'a kowace shekara: an ware. A ɗauki layi ɗaya a kundin kasafi, misali gyaran asibitin wata mazaɓa a kan naira miliyan 40. Majalisa ta amince, gwamna ya sa hannu, rediyo ta sanar. Daga nan sai ma'aikatar lafiya ta rubuta takardar neman a saki kuɗin, takardar ta je ofishin gwamna ta jira sahalewa, ta wuce ma'aikatar kuɗi, ta jira akanta janar ya ce akwai kuɗi a asusu. A kowane mataki tana iya kwana. Albashi ba ya jira, bashi an cire shi tun daga tushe, kuɗin tafiyar da gidan gwamnati da na tsaro da ba a bin bahasinsa su ma ba sa jira. Wanda ke jira shi ne asibitin mazaɓa. Idan Disamba ta zo ba a saki ba, sai a kwafe layin a mayar da shi kasafin baɗi, a sake sanarwa. Shi ya sa alfahari da cewa an ba ilimi kashi 25 ko 30, ko an cika kashi 15 na lafiya da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001, ba ya nufin komai sai an ga rahoton abin da aka saki. Babbar shaida ita ce kuɗin hukumar ilimin matakin farko, wato UBEC. Dokar 2004 ta tanadi kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a asusun hukumar saboda jihohi sun ƙi kawo nasu rabin, har da jihohin da yaransu ke zaune a ƙasa. Jihar da ta iya gina gadar sama amma ta kasa ajiye naira don a ba ta wata naira, ba rashin kuɗi ke damunta ba. Gadar sama ana ganinta daga nesa, ana yanka mata kyalle, kwangilarta guda ce mai tsoka. Rufin aji ɗari biyar kuwa ba ya fitowa a talabijin.

A tsarin mulki, ƙaramar hukuma ce ya kamata ta riƙe waɗannan ƙananan ayyuka, amma asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 ya tanada ya mayar da ita ofishin biyan albashi kawai. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, kuma zaɓukan da hukumomin zaɓe na jihohi ke shiryawa kusan kullum jam'iyyar gwamna ce ke lashe su kaf. Masu cewa sakin kuɗin zai mayar da ɓarawo ɗaya ya zama ɓarawo a kowace ƙaramar hukuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. An ga abin da wasu ciyamomi suka yi a shekarun da kuɗin ke hannunsu. Bambancin shi ne ciyaman ana sanin gidansa, ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin jana'iza, gwamna kuwa sai a hoto. Amma kusanci ba ya aiki sai da sani. Idan mutanen ƙaramar hukuma ba su san nawa ya shigo a watan nan ba, zaman ciyaman kusa da su bai ƙara musu komai ba.

Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a sauko da wani yanki na kasafi har mazaɓa, a kuma ɗaure shi da doka. Kowace jiha ta ƙayyade wani kaso na kuɗin manyan ayyuka, ko da kashi 10 ne, a raba shi ga mazaɓu bisa yawan jama'a da ƙarancin ababen more rayuwa, a sa shi cikin abin da ake fara cirewa kamar albashi. Kano na da mazaɓu 484, Katsina 361. Kowacce ta san rabonta tun farkon shekara. Jama'ar mazaɓa su zauna da kansila da dagaci da limamai da ƙungiyoyin mata da matasa su zaɓi aikin da suka fi bukata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka kuma wani kaso na abin da aka tara a kasuwa ya tsaya a kasuwar, a yi magudanar ruwa da makewayi da tanadin kashe gobara, yadda mai biya zai ga inda kuɗinsa ya shiga. Wannan ba mafarki ba ne. Shirin CSDP da Bankin Duniya ya tallafa daga 2009 ya yi aiki da wannan tsari a jihohi da dama na Arewa: al'umma ta zaɓi aiki, ta kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin ko ta biya da yashi da ƙwadago, kwamitinta ya riƙe asusu ya sa ido a kan magini. An yi azuzuwa da rijiyoyin burtsatse da ƙananan asibitoci ta wannan hanya. Rauninsa shi ne da bashin waje ya tsaya, alhali abu ne da ya kamata ya zama sashe na dindindin a kasafin jiha.

Za a ce masu faɗa-a-ji na gari za su mamaye kwamitin, su kai rijiya ƙofar gidansu, kuma ƙauye ba shi da injiniya. Duka biyun na faruwa. Maganin na farko shi ne a yi zaɓen aiki a bainar jama'a, a liƙa adadin kuɗi da sunan ɗan kwangila da ranar gamawa a jikin allo a wurin aikin, a kuma hana mazaɓa kason baɗi idan ba ta yi bayanin na bana ba. Maganin na biyu shi ne ma'aikatar ayyuka ta ba da zane da ma'auni da mai duba aiki, jiha kuma ta ɗauki nauyin malami da ma'aikacin jinya da magani, don kada a gina asibitin da awaki za su kwana a ciki. Za a kuma ce matsalar tsaro ta cinye kuɗin, musamman a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno. Tsaro na cin kuɗi ƙwarai, amma yankunan da 'yan bindiga suka fi samun gindin zama su ne waɗanda gwamnati ta daɗe ba ta taka ba, babu hanya, babu makaranta, babu mashayar dabbobi. Janye aiki daga karkara da sunan tsaro ƙara wa matsalar taki ne. Manyan ayyuka irin su madatsun ruwa da titunan da ke haɗa garuruwa za su ci gaba da zama a hannun jiha. Ba a ce a raba kasafi duka ba, an ce kada a bar mazaɓa da jiran ragowa.

Tsarin abin da ya kamata a bi ke nan, kuma jerinsa na da muhimmanci: gwamnati ta fara nuna aiki da ƙarin da ta riga ta samu, ta share shingaye da tikitocin bogi, sannan ta je wa masu gine-gine da manyan 'yan kasuwa da takardar haraji. Wanda ya juya jerin, ya fara da karɓa, zai gamu da turjiya, kuma masu turjiyar suna da gaskiya. Kayan aikin sa ido ma sun samu. Tun daga 2018, jihohi sun saba wallafa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku da rahoton babban mai binciken kuɗi a shafukansu na intanet. Abin da ya rage shi ne a karanta. 'Yan jarida da gidajen rediyo su riƙa fassara waɗannan rahotanni da Hausa layi-layi, ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa ganin aiki ya zama sharaɗin haɗin kansu, malamai da suka yi huɗuba a kan VAT su yi irinta a kan kuɗin UBEC da aka bari kwance. Kai kuma mai karatu, idan ɗan majalisar jiharka ya zo neman ƙuri'a, kada ka tsaya a kan nawa aka ware wa mazaɓarku. Tambaye shi nawa aka saki, wa aka ba aikin, kuma a wane wuri yake don ka je ka gani da idonka.